Fayil a Gafaka, Mu a Mashegu

Ni mutum ne mai saurin ɗaga hankali, kuma ba yau na fara ba. In aka ce mota za ta tashi da hantsi, tun da sassafe za ka same ni a tasha ina leƙa tayoyinta. Mahaifina kuwa, ko gobara ake yi a zaure sai ya ƙarasa addu'ar da ya fara kafin ya nemi takalminsa. Shi ya sa a shekarar da na fara ganin tsoro a fuskarsa, nawa tsoron ya ninka.

Kakana ya bar wata doguwar waƙar wa'azi da ya rubuta da ajami. Tana magana a kan mutuwa, da haƙƙin maƙwabci, da abin da ke jiran mai cin amana. Baba ya haddace ta tun yana yaro, kuma duk shekarun da ya yi yana aikin rubutu a kotu, da wannan waƙar aka fi saninsa a Kontagora da kewaye. Duk ɗalibinsa da ya buɗe makaranta, ranar walimar saukar karatu sai ya aiko a ɗauki Baba ya je ya rera ta. Yana farawa za ka ga dattawa sun sunkuyar da kai.

Wata rana bayan la'asar na shigo zaure na tarar yana bitar ta shi kaɗai. Da ya kai wajen tsakiya sai ya tsaya. Ya koma baitin baya, ya sake tahowa, ya sake cijewa a wuri ɗaya. Da ya lura da ni sai ya yi gyaran murya ya ce in kawo masa ruwa. Na kawo, ya karɓa, bai sha ba. Ni da shi mun san abin da ya faru. Idon da zai duba takarda ya tuna ya riga ya yi rauni, ga haddar ma ta fara zubewa, kuma a duniya babu abin da yake gudu kamar ɗalibansa su gane.

Ana cikin haka sai ga goron gayyata. Wani tsohon ɗalibinsa, wanda shi ma gemunsa ya yi fari, yana da makaranta a wani ƙauye gaba da Mashegu, kuma yaransa sun sauke. Baba ya amsa cewa zai je, in sha Allahu, sannan ya kwana biyu ba ya cin abincin kirki.

Sana'ata gina shafukan intanet ce. Ina yi wa makarantu da masu shaguna. Ƙanin Baba, wanda muke kira Baffa, har yau Injiniyan Iska yake ce mini, wai duk abin da nake ginawa babu wanda za a jingina da shi a huta. Na ce wa Baba zan buga waƙar da boko, tunda ya iya karanta shi sarai, in sa ta a wata babbar wayata mai faɗi kamar allo, da manyan haruffa, baiti ɗaya ya cika fuskar wayar. Ya riƙe ta a cinya kamar yana duba wani abu, babu mai sanin komai. Ai malamai da yawa yanzu da waya suke wa'azi. Ya ce, "Gwada mu gani."

Aikin bugun ya ci makwanni. Ni nake karanto ajamin kakana, shi yana saurare yana gyara mini. Takardun kuwa ba sa wuce ƙofar ɗakinsa. A gidanmu doka ce tun zamanin kaka: asalin littafi ba ya fita. Yana cikin gafaka a saman kanta, kuma ba a ɗora komai a kansa. Wanda yake son littafi ya zo ya zauna ya kwafa, kwafin ya tafi da shi duk inda ya ga dama.

Gyaran Baba ba ya ƙarewa. Yau ya ce wannan kalmar ba haka take ba, gobe ya ce a mayar da ita yadda take. Da na gaji da tona cikin shafin kullum, sai na raba aikin gida biyu. Shafin daban, shi ne mai manyan haruffa da maɓallin gaba da na baya. Waƙar kuma daban, a wani ɗan fayil na rubutu zalla. Duk lokacin da aka buɗe shafin a burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, sai ya aika a ɗauko abin da ke cikin fayil ɗin, ya rarraba shi baiti-baiti ya nuna. In gyara ya zo, fayil kawai zan taɓa. Da farko burauzar ta yi mini gardama, ta ƙi karanta fayil ɗin ko da yake yana kusa da shafin a folda ɗaya, don haka aka gina ta saboda tsaro. Sai da na sa wata 'yar manhaja da ke miƙa mata shi daga cikin wayar kafin ta yarda. Na san ƙauyen ba sabis, saboda haka na kashe data na gwada, na sake gwadawa, har matata ta ce in na ƙara danna abin nan zai yi magana ya ba ni haƙuri.

Wani yammaci Baba ya tambaye ni, "Shi rubutun, a ina yake zaune a ciki?"

Daɗi ya kama ni, don bai taɓa tambayata komai a kan aikina ba. Na buɗe foldar na kai masa kusa da ido. Na ce, "Baba, kun ga wannan ɗan ƙaramin? Shi ne asali. Shi kuma shafin, in an buɗe shi, zuwa yake ya kwafo daga nan ya nuna muku."

Ya gyaɗa kai a hankali ya ce, "To, madalla." Na tafi ina jin kaina, yau Baba ya fahimci abin da nake yi.

Ranar tafiya na yi tanadin da ko mai zuwa hajji sai haka. Na ɗauki abin caji na hannu, da igiyar caji ta biyu ko ta farko za ta tsinke, da leda saboda ruwan sama, da tsumman goge fuskar waya. Da safe na leƙa babbar wayar na ga baitin farko yana nan ɓaro-ɓaro, sai na kashe ta ɗungurungum don kada caji ya zube a hanya. Kwamfutata na bari a gida saboda na san ƙarshen tafiyar a kan babur ne. Muka kama hanya ni da Baba da Baffa. Daga Mashegu muka hau babura, muka ratsa gonakin doya, ni ina rungume da jaka, idona a kan babur ɗin da ya ɗauki Baba.

Mun isa kafin azahar. An kafa rumfa a gaban makarantar, an ɗaura lasifika a kan bishiya, mata suna ta dakan sakwara a bayan gida. Mai gayya ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba, ya kai mu wani ɗaki mu huta. Ni ban zauna ba. Na ciro babbar wayar na kunna, na buɗe shafin.

Fari fat. A tsakiya ga wasu kalmomi da ni na rubuta su da hannuna don irin wannan ranar, ban taɓa zaton zan gan su ba: ba a sami rubutu ba.

Na sake lodawa. Haka. Na kashe manhajar na kunna. Haka. Na shiga foldar, ga shafi, ga komai, ɗan fayil ɗin ne kawai babu.

Na ce, "Baba, wani ya taɓa wayar nan?"

Baffa ne ya amsa, yana murmushin wanda ya yi abin kirki. "Ni ne. Jiya da ka fita, Yaya ya aike ni kasuwa wajen mai gyaran waya. Sabon memori na saya, dal, ba a taɓa sa masa waƙa ko fim ba. Aka ciro asalin aka zuba a ciki. Yana gida cikin gafaka tare da takardun tsoho."

"Aka ciro? Ba kwafa aka yi ba?"

"Ciro shi muka ce a yi mana. Asali zai hau babur ya shiga daji?"

Na juya wajen Baba. Ya ce, "Kai ka ce mini shafin yana kwafa. Makwanni yana kwafa kullum a gabana. Da Baffanka ya dawo da ita ma na duba, rubutun yana nan."

Gaskiyarsa, yana nan, don ba a rufe shafin ba, abin da ya ɗauko tun shekaranjiya ne a fuskarsa. Ni na kashe wayar da safe. Na buɗe baki in yi bayanin cewa shi wannan ba ya riƙe komai, kullum sai ya koma ya tambaya, sai na ga bayanin ba zai amfani kowa ba. Haushi ya cika ni, na rasa wanda zan ji haushinsa. Na duba ƙaramar wayata, akwai wani tsohon kwafi tun na makon farko, amma farkon waƙar ne kawai, inda Baba ba ya buƙatar kowa.

Baffa ya ga fuskokinmu, murmushin ya ɓace, ya ce bari ya je ya yi alwala. Da ya fita Baba ya kalli tabarma. Sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Farkon yana nan. Tsakiyar ce nake shiga in rasa ƙofa." Ranar ce ya fara faɗa da bakinsa. Na ji kamar in fashe da kuka, amma babu lokaci.

Na sami mai gayya na tambaye shi inda ake samun sabis. Ya nuna wani tudu can bayan gari, ya ce akwai dutse kusa da wata ɗorawa, nan kowa yake zuwa waya. Ya haɗa ni da wani manomi mai babur, dattijo ne mai Hausa a karkace irin ta mutanen wajen. Na roƙi mai gayya ya ja lokaci bayan salla gwargwadon iko, ban gaya masa dalili ba. Ya ce to, amma baƙi daga nesa suke, kuma hanyar nan yanzu ba mai son yamma ta yi masa a kanta.

A kan dutsen na tarar da mutane tsaye, kowa ya ɗaga waya sama yana juyawa a hankali. Manomin ya ja ni gefe ya ce, "Nan ne mai kyau. Ka fuskanci can, kar ka motsa." Na tsaya inda ya ce. Layin sabis ɗaya ya fito a wayata, ya ɓace, ya dawo. Na kira matata.

"Kunna kwamfutata maza, akwai wani fayil da za ki turo mini."

"Wace kwamfuta? Tun jiya ba wuta, na taɓa ta ɗazu ko ƙyaftawa ba ta yi."

Na runtse ido. Na ce, "To saurara. A ɗakin Baba, cikin gafaka, akwai memori."

"Ɗakin Baba? Ni? Haba, kai ma ka san ban taɓa taka ƙofar ba."

Kafin in amsa layin ya yanke. Na sake kira ya ƙi shiga. A nan kan dutsen muka yi azahar da manomin, kuma Allah ya yafe mini, ban san abin da na karanta a sallar ba. Da kiran ya shiga na ce wa matata ta kai wayar wajen Inna, mahaifiyata. Inna ta karɓa ta fara da gaisuwa, ya hanya, ya Malam, an ba shi abinci, kada a ba shi mai yaji. Na ce, "Inna, don Allah, gafaka." Na yi mata bayani a gurguje. Ta ce, "To, bari in yi alwala."

"Inna, memori ne fa, ɗan ƙaramin abu kamar farce."

"A cikin me yake? Ba a tsakiyar takardun yake ba? Ban taɓa buɗe gafakar nan ba alwala ba, ba kuma yau zan fara ba."

Ta ajiye wayar ba ta kashe ba. Ina tsaye a rana, wuyana a sandare don kada in motsa sabis ya gudu, ina jin ƙarar ruwan buta daga Kontagora. Inna ba ta gaggawa a alwala. Ina jin ta tana wanke kowace gaɓa yadda aka koya mata.

Sai iska ta kawo mini wani sauti daga cikin gari. Lasifika ce. An gama addu'o'i, wani yana gabatar da Baba da dogon yabo. Can sai muryarsa ta taso. Ya fara.

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Muryar tana nan yadda na san ta tun ina yaro, ba ta girgiza ko kaɗan, ta ratso gonaki ta same ni a kan dutse. Amma ni na buga waƙar nan da yatsuna, na san inda kowane baiti yake, na kuma san inda ramin yake jiran sa. Duk baitin da ya kammala, ya ƙara matsawa kusa da shi ke nan. Manomin ya cire hula yana saurare, yana cewa Allahu akbar. Ni kuwa addu'ata ɗaya, Allah ya sa ya ja kowane baiti ya daɗe.

Matata ta dawo kan layi. An samu, an naɗe shi a farar takarda an ɗaure da zare, Inna ta ce a kwance zaren a hankali kada a tsinka. Sai kuma wajen sa memori a wayarta ya ƙi buɗuwa, sai da ta cire ɗan kunnenta ta zura. Na faɗa mata sunan fayil ɗin. Ta ce ta gani, ta turo.

Ɗan da'irar nan ya fara juyawa a fuskar wayata. Fayil ɗin bai kai nauyin hoto ɗaya ba, amma ya tsaya yana juyi. Baba ya gama sashen mutuwa ya shiga na maƙwabci. Na ɗaga wayar har kafaɗata ta yi zafi. Layin ya ɓace. Na ce wayyo Allah da ƙarfi, har mutanen kan dutsen suka juyo. Manomin ya kama kafaɗuna ya ɗan karkata ni hagu, kamar mai gyara tukunya a murhu, sai layin ya dawo. Da'irar ta cika.

Na tura shi cikin babbar wayar, na sa shi a foldarsa, na duba sunan, na loda shafin. Baitin farko ya fito, baƙi wuluk a kan fari. Na danna gaba, gaba, gaba, har tsakiya. Komai yana nan. Ban tsaya hamdala ba, na ce wa manomin mu tafi.

A kan babur ƙarar inji ta hana ni jin lasifika. Ina ta ce masa ya ƙara wuta, yana ce mini yashi ne. Da muka iso bakin makarantar ya kashe injin, sai na ji abin da nake tsoro. Tsit. Lasifikar tana kunne, kana jin hucinta, amma babu murya.

Na kutsa cikin rumfar ina tsallake ƙafafun mutane. Baba yana zaune a kan buzu, abin magana a gabansa. Ya koma baitin baya ya sake rerawa, ya iso wurin, ya tsaya. Ban san sau nawa ya yi haka kafin in zo ba. Dattawan da ke sahun gaba, ɗalibansa na da, kowa ya kafa ido a ƙasa. Na tabbata akwai waɗanda suka san baitin a cikinsu, amma wa zai buɗe baki ya tuna wa malaminsa a gaban jama'a? Baffa yana gefe, zufa ta jiƙa masa wuyan riga.

Na durƙusa kusa da Baba na kai shafin daidai baitin, na sa masa wayar a hannu. Na ce a kunnensa, "Ga shi, Baba. Ya zo."

Ya ɗaga ta kusa da fuska. Ya matsar da ita baya. Ni daga inda nake ina ganin haruffan, kowanne ya kai girman ɗan yatsa. Ya daɗe yana kallo. Har yau ban sani ba ko hasken rana ne da ya cika rumfar ya hana shi gani, ko kuwa gajiya ya yi da ɓoyo. Ban taɓa tambayarsa ba.

Ya miƙo mini wayar. Ya jawo abin magana ya ce, "Jama'a, ku yi haƙuri. Ido ya tafi, hadda kuma ta bi shi. Ɗana zai riƙa faɗa mini, ni in riƙa rerawa."

Wani ya ce la haula a hankali. Mai gayya ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska. Ni kuma duk gudun da na sha don kada a ji wannan maganar ne, ga shi ya faɗe ta a lasifika, har matan da ke bayan gida sun daina daka.

Na karanta baitin. Baba ya karɓa ya rera shi, da muryar nan da babu abin da ya taɓa ta. Na danna gaba na karanta na biye, ya karɓa. Haka muka tafi, ni a gaba shi a baya, yadda ake biya wa mai koyo, a gaban mutanen da shi ya biya musu karatu. Ina so mu gama da wuri a tashi, sai na fara sauri ban sani ba. A wani dogon baiti ya kama hannuna, lasifika tana ɗaukar komai, ya ce, "A hankali. Ban riƙe ba, sake faɗa mini."

Na sake faɗa masa.